YADDA AKE YIN GAWAYI DA BUNTUN SHINKAFA

Manomi, itacen girki yana ƙara tsada, daji kuma yana ƙarewa. Duk bishiyar da aka sare, an buɗe wa iska da rairayi hanya zuwa gonarka. Alhali ga makamashi nan jibge a kan juji, ana sa masa wuta a banza.

A ƙasashe irin su Suwidin, sharar gari ake ƙonawa a manyan tukwane, tururin ya juya inji, a sami lantarki. Mu nan kwarin Rima babbar shararmu ita ce buntu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017, casar shinkafa ta ƙaru. Kowane buhu 5 na shanshera, nauyin wajen buhu 1 buntu ne. To, ga yadda za ka mai da shi gawayi.

KAYAN AIKI

Busasshen buntu, tsohuwar garwa, bututun ƙarfe mai tsawon kamu 3, garin rogo, ruwa, da gwangwanin madara. Ana iya haɗawa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi.

YADDA ZA KA YI

1. Tsince leda, roba, batir da kwalba. Hayaƙin leda guba ne.

2. Huhhuda garwa ta kowane gefe, ka kafa bututun a gindinta.

3. Hura wuta da ƴan kirare a fili, nesa da rumbu da danni. Kifa garwar a kan wutar, bututun yana kallon sama.

4. Tula buntu kewaye da garwar har ya rufe ta. Wuta za ta riƙa cinsa sannu a hankali daga ciki.

5. In ka ga waje ya yi baƙi, rufe shi da sabon buntu daga gefe. Kada ka bari harshen wuta ya tashi, sai ka tashi da toka kawai.

6. Idan duka ya yi baƙi, baza shi, ka yayyafa ruwa har ya mutu sarai.

7. Daka shi a turmi. A kowane mudu 10, dama mudu 1 na garin rogo kamar kunu, ka kwaɓa su tare.

8. Cura shi kamar fura, ko ka danna a gwangwani sosai ka zazzage.

9. Shanya a rana kwana 4 ko 5, har ya bushe ƙayau. Lokacin rani ya fi dacewa da wannan aiki.

AMFANINSA

Ba ya hayaƙi kamar ɗanyen itace, uwargida ta huta da ciwon ido. Yana barin toka da yawa, saboda haka a riƙa kakkaɓe murhu. Tokar kuma kada a zubar, a kai gona.

KA TUNA

Kada a kunna gawayi a ɗaki a rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu ya matsa. Iskarsa ba ta da wari, amma tana kisa.

Kashin dabbobi da sharar da ke ruɓewa ba na wuta ba ne. Ramin taki za su, gona ke da su.

In kana son a gwada maka, nemi malamin gona na yankinku.