Zawon maraƙi: gishirin jini da ƙarin ruwa ta jijiya

Ƴan uwa makiyaya na Filinge da ƙasar Kurfai, zawo yana cikin abubuwan da suka fi kashe mana maruƙa a watansu na farko, ko a garken Azawak irin na Tukunus ko a rugar daji. Abin da ke zuba daga cikin maraƙi ruwa ne haɗe da gishirin jini, wanda likitoci ke kira sodiyom. Wanda ya ɗura masa ruwan rijiya zalla ya ƙara tsinka ɗan gishirin da ya saura. Daga nan sai kasala, rawar jiki, wani lokaci har farfaɗiya.

Abu uku nake dubawa in an kira ni. Na farko, in sa yatsa a bakinsa in ji ko yana tsotsa. Na biyu, in ga ko ido ya faɗa. Na uku, in ja fatar wuya in saki. In ta daɗe a tsaye, ruwan jiki ya ragu sosai.

Maraƙin da ke tsaye kuma yana tsotsa, ku ba shi garin ruwan gishiri na dabbobi, lita 2 sau biyu a rana, tsakanin shan nono. Kada ku hana shi uwarsa. Kada ku zuba sukarin shayi, hanjin jinjirin maraƙi bai iya narkar da shi, zawon ne zai ƙaru.

Wanda ya kwanta, baki ya yi sanyi, ya daina tsotsa, ɗure na iya sarƙe shi ya shiga huhu. Wannan sai ƙarin ruwa ta jijiyar wuya. Maraƙi mai kilo 25 da ya rasa kashi 8 cikin 100 na nauyinsa yana bukatar lita 2, ban da abin da zawo ke ci gaba da zubarwa. Ruwan da muke sawa yana da giram 9 na gishiri a kowace lita, ko kuma Ringer. Muna ɗumama shi, muna barin shi ya ɗiga sannu, domin tada gishirin jini da gaggawa yana lahanta ƙwaƙwalwa. Ruwan gulukos shi kaɗai ba ya maido da gishiri.

Allurar jijiya aikin wanda ya koya ne. Naku shi ne ku kai maraƙi inuwa, ku kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ran da ya daina tsotsa, kada ku jira kasuwar Lahadi. Ƙungiyarku kuma ta aje garin gishirin nan tun kafin shanu su fara haihuwa.