Yadda Ake Tabbatar Da Magana A Faransanci Na Rubutu

Wasu daga cikin dattawan ikilisiya za su tuna da wata shekara da muka gayyaci ƙungiyar mawaƙa daga ƙetaren iyaka, wajen Gaya, domin su zo taron godiya na kaka. Amsarsu ta iso a rubuce da Faransanci, aka kawo mana nan makaranta mu fassara. A cikinta akwai wannan jimla: "Nous viendrons sans doute samedi." Wani ɗalibinmu na babban aji, yaro mai ƙwazo ƙwarai, ya duba ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Sans, babu. Doute, shakka. Wato babu shakka za su zo ran Asabar. Mu kuma, don gaggawa, ba mu karɓi takardar mun duba da kanmu ba. Matan zumunta suka tashi tun asuba, aka tuƙa tuwon shinkafa na mutum arba'in, aka sayo kifi. Har rana ta faɗi ba mu ga kowa ba. 'Yan kwana suka ci tuwo har suka ture.

Baƙin nan ba su yi mana ƙarya ba. Abin da suka rubuta shi ne, "Mai yiwuwa ne mu zo ran Asabar." Laifin namu ne, tun daga ranar kuwa ba mu taɓa barin wani aji ya fita daga hannunmu ba tare da wannan darasi ba.

Kafin mu shiga nahawu, bari mu amsa wa masu cewa me ya haɗa ɗan Argungu da Faransanci. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991, tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Wanda ya bi ta Kamba, jim kaɗan yana Gaya, in ya haye gadar Kwara kuma ya shiga Malanville. Ta wajen Arewa, mutanen Kangiwa da na Dogon Dutsi 'yan'uwa ne na jini. A kasuwa Hausa da Zabarmanci da Dandanci sun wadatar, amma da an zo ga takarda sai labari ya sake. A Benin Faransanci ne harshen gwamnati. A Nijar, ko da yake a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, an bar Faransanci a matsayin harshen aiki, kuma da shi ake rubuta yawancin takardun ofis. Mu ma a nan, Janar Sani Abacha ya yi shela a ƙarshen 1996 cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, tsarin ilimi na 1998 kuma ya sa shi cikin darussan dole na ƙananan azuzuwan sakandare. Yadda aka cika wannan alkawari wani zance ne dabam.

To, mu koma ga sans doute. Shekaru ɗari uku da suka wuce ma'anarsa ita ce wadda ɗalibinmu ya zata. Yawan amfani ne ya cinye shi, kamar yadda "lalle gobe" ta tela ta daina nufin gobe. Yau idan Bafaranshe ya ce sans doute, yana nufin "da alama", ko "mai yiwuwa ƙwarai". Wanda yake son ya ce "ko shakka babu" da gaske, sai ya ƙara kalma guda a tsakiya, ya ce sans aucun doute, ko kuma sans nul doute, wanda ya fi dacewa da rubutun manya. Da baƙinmu sun rubuta "Nous viendrons sans aucun doute samedi", da muna da bakin yin ƙara. Haka sûrement ma ya yi rauni. "Il viendra sûrement" zato ne mai ƙarfi, amma kada a yanka rago a kansa. Certainement ya ɗan fi shi nauyi, assurément kuwa kalma ce ta takarda, ba kasafai ake jinta a bakin tasha ba.

A wasiƙar neman aiki, ko rahoto, ko insha'i a jarrabawa, an fi son mutum ya gina jimla sosai maimakon ya jefa kalma ɗaya. Hanya ta farko ita ce mai magana ya ɗauki nauyin zancen a kansa: je suis sûr que, je suis certain que, je suis convaincu que, je suis persuadé que. Biyun farko "na tabbata" ne. Biyun ƙarshe sun fi kusa da "na haƙiƙance", wato an kawo hujja ta gamsar da ni. 'Yan mata su lura, dole su ƙara e a ƙarshe: sûre, certaine, convaincue, persuadée. Mun sha ganin yarinya ta rubuta wasiƙa mai kyau daga sama har ƙasa amma ta mai da kanta namiji a layin farko. Kada kuma a manta da 'yar hular nan da ke kan u. Sûr mai hula shi ne tabbas, sur marar hula kuwa "a kan" ne, alhali a kunne duk ɗaya suke. Ko gyaran rubutu da aka yi a Faransa a 1990, wanda ya tuɓe wa kalmomi da yawa hularsu, ya bar wa sûr tasa saboda gudun wannan ruɗami.

Hanya ta biyu ita ce mai rubutu ya janye kansa, ya bar gaskiyar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ita ce hanyar ofis da ta masu ilimi. Misali: "Il est certain que Birnin Kebbi est la capitale de l'État depuis 1991." Ko kuma: "Il ne fait aucun doute que la fête de la pêche a fait connaître Argungu dans le monde entier", wato ko shakka babu bikin kamun kifi ya sa duniya ta san Argungu. Wanda ya rubuta haka yana da abin dogara, gama bikin da ake yi a Matan Fada ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Akwai kuma il est évident que (a fili yake), il est incontestable que da il est indéniable que (ba mai iya musu), sai il va de soi que da il va sans dire que, waɗanda suka yi daidai da "ba sai an faɗa ba". Shawararmu ita ce a yi tsimin waɗannan. Ɗalibin da ya buɗe kowane sakin layi da il est incontestable, mai duba takarda zai fara neman abin da zai musa.

Yanzu ga inda maki yake zubewa. Ƙa'idar Faransanci ita ce, idan an tabbata, aikatau da ke bin que yana zuwa a siffar da suke kira indicatif, wato siffar yau da kullum. Da zarar an kore tabbacin, sai ya koma subjonctif. Ku dubi waɗannan biyu:

Je suis sûr que le fleuve est plein.
Je ne suis pas sûr que le fleuve soit plein.

Na farko, na tabbata gulbi ya cika. Na biyu, ban tabbata ya cika ba. Est ya zama soit ba don wani abu ba sai don shakka ta shigo. Haka "Il est certain qu'elle viendra" yake komawa "Il n'est pas certain qu'elle vienne". Hausa ba ta taɓa aikatau a irin wannan wuri, mukan ce "ya cika" a duka biyun, shi ya sa hannun ɗalibi yakan zarce. Abin da ya ƙara ɓoye tarkon shi ne, aikatau masu ƙarewa da -er irin su parler ba sa nuna bambanci a wurare da yawa: qu'il parle a nan, qu'il parle a can. Yaro sai ya saba, ya ɗauka babu wata ƙa'ida, sai ranar da être ko avoir ko venir ko faire suka tare shi a zauren jarrabawa. Waɗansu kuma, da sun koyi subjonctif, sai su yi ta yafa shi ko'ina don a ga sun iya, har su rubuta "je suis certain qu'il soit". Wannan kamar mutum ya ce "na tabbata watakila" ne.

Kalmar certain ita kanta tana da fuska biyu, gwargwadon inda ta zauna. A bayan suna, tabbas ce: une victoire certaine, nasarar da ba makawa. A gaban suna kuwa sai ta zama "wani": un certain commerçant, wani ɗan kasuwa. Certes ma haka take da wayo. Takan amince da magana ne don ta rushe ta, kusan kullum akwai mais a bayanta, daidai da yadda dattijo yakan ce "gaskiya ne, amma fa". Sai douter da se douter: je doute, ina shakka, amma je m'en doutais, "da ma na zata".

Masu sauraron labaran Faransanci a rediyo su kasa kunne ga wani abu. Hausa tana da 'yar kalma mai daraja, "wai", wadda mai ba da labari yake fakewa a bayanta. Faransanci yana yin wannan aiki da siffar conditionnel. "La frontière est fermée", an rufe iyaka. "La frontière serait fermée", wai an rufe iyaka. Waɗanda suka ga rufe iyaka na 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sun san abin da bambancin nan yake nufi ga mai lodin albasa a mota.

Saura tabbaci mafi nauyi duka, na sa hannu. A kasuwa an saba ƙarfafa magana da rantsuwa, amma takardar hukuma ta Faransanci ba ta karɓar wannan. Abin da take so shi ne sunanka da mutuncinka: "Je soussigné ..., certifie que ...", wato ni mai sa hannu a ƙasa na tabbatar cewa. Mace ta rubuta soussignée. Wani lokaci a ce atteste maimakon certifie, ko a ƙara sur l'honneur, bisa mutuncina. Hatimin da ke cewa copie certifiée conforme yana shaida cewa kwafin ya yi daidai da na asali. Muna roƙon iyaye da 'yan kasuwa na cikinmu, duk takardar da kuka ga waɗannan kalmomi a kanta, kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa sai an karanta muku ita ƙarshe da ƙarshe, domin shaidar ƙarya a irin wannan takarda laifi ne a gaban shari'a, "ban ji Faransanci ba" kuwa ba ta cika fid da mutum ba.

Ga aikin hutu ga 'yan manyan azuzuwa. Ku juya waɗannan zuwa Faransanci: "Na tabbata za a yi ruwa da wuri bana." "Ban tabbata shinkafar fadama ta nuna ba." "Wai shugaban makaranta ya yi tafiya." Daga nan ku rubuta amsar da ya kamata mu aika wa baƙinmu na wajen Gaya, cikin ladabi da vous, kuna tambayarsu ko zuwan nasu tabbas ne. A kawo a makon farko na komawa, a takarda dabam, ba cikin littafin aji ba.