Ƙullin Wayar Shinge: Wanne Ya Fi Ƙarfi?

Wayar shinge ta fi tsinkewa a wurin ƙulli, domin duk inda aka lanƙwasa ta da yawa ƙarfinta ya kan ragu. Kadan kuwa ta tsinke da kaka, dare guda ya isa shanu su cinye dawar shekara.

Yawancin manoma zobe biyu su ke sarƙawa su murɗe. Wannan ya kan zubar da wajen rabin ƙarfin waya. Wanda ya fi shi ne ƙullin takwas, watau mai kamar lamba 8, don yana riƙe wajen kashi 2 cikin 3.

Ga yadda a ke yinsa. A lanƙwasa bakin waya guda ya zama zobe. A zura bakin ɗayar ciki, a kewaya bayan ta farin, sa'an nan a komo da shi ƙarƙashin kansa. A ja ya tsuke, a naɗe sauran da filaya.

Manomin da ke shakka sai ya yi ƙullin nan biyu a waya guda, ya ɗaure tsakanin itatuwa biyu, ya dinga ƙara nauyi. Wanda ya fara tsinkewa shi ne rago. Amma lalle ya tsaya nesa, kada waya ta tsone masa ido.