Darasi: Yadda Za A Zaɓa Wa Yara Madubin Hangen Taurari Na Farko

'Yan'uwa iyaye da malaman makarantar Lahadi, yaranmu na karkara suna da wata dukiya wadda 'yan birni suka rasa, wato sararin sama mai duhu da dare. Sun san Zara matar wata, sun san Kaza da 'ya'yanta, waɗanda Littafin Ayuba sura 38 ya ambata. Idan yaro ya fara tambaya a kan waɗannan abubuwa, ya kamata a taimake shi. Amma kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsa ba, kuma madubi marar kyau yakan kashe wa yaro sha'awa a dare ɗaya.

Faɗin baki ya fi lambar kwali muhimmanci

Aikin madubin hangen nesa shi ne tara haske, kamar yadda faffaɗan baho yake tarar ruwan sama fiye da kofi. Saboda haka ku fara tambayar faɗin gilashin. Milimita 70 zuwa 80 ya isa ɗan koyo. Ku yi hankali da kwalin da aka rubuta cewa yana ƙara girman abu sau 500. Ƙa'idar ita ce a ninka faɗin gilashin sau 2: mai milimita 60 ba ya wuce sau 120, daga nan sai dishi-dishi. Madubin da Galileo ya ga watanni 4 na Jufita da shi a Italiya a 1610 bai wuce kamar sau 20 ba.

Ƙafafu su tsaya daram

Kafin ku biya, ku kafa shi, ku taɓa shi da yatsa. Idan ya yi ta rawa, ku bar shi, domin tauraro zai yi ta ɓace wa yaro. Mai gilashi a gaba ya fi sauƙin kulawa, don bakinsa a rufe yake. Mai madubi a ciki, irin wanda Isaac Newton ya ƙera a 1668, yakan fi faɗi a kuɗi ɗaya, amma ƙurar hunturu tana shigarsa, yana kuma bukatar saiti lokaci lokaci.

Idan kuɗi bai kai ba

Tabaran hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, ya fi madubin wasa nesa ba kusa ba. Da shi yaro zai ga ramukan wata, ya kuma ga Kaza tana da 'ya'ya da yawa fiye da 6 ko 7 da ido yake ƙirgawa. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za su iya yin karo-karo su sayi guda ɗaya, a ajiye shi a hannun malami, a riƙa rubuta sunan mai aro.

Gargaɗi

Kada yaro ya taɓa duban rana da waɗannan kayan, ko lokacin husufi ne. Cikin ƙiftawar ido gilashin zai ƙone masa ido, kuma ba magani. Da rana a kulle shi a akwati.

Daren farko

Ku fara da wata yana da kwana 7, lokacin da inuwa take fito da duwatsunsa. Ku nisanci fitila, ku ba idanu minti 20 su saba da duhu. Daren da aka ɗauke ruwa ya fi daren hazo.

Tambayoyin tattaunawa

1. Sunayen taurari nawa dattawan garinku suka sani? Wa zai rubuta su?
2. Yaya za a tabbata 'yan mata ma sun sami damar dubawa?
3. Ku karanta Zabura 8 tare. Wane hakki ne Allah ya ɗora mana game da halittarsa?