Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Shuɗin Fenti Biyu Masu Kama da Juna

Shuɗi biyu da suka yi kusa da juna a katin kamfani sukan rabu da zarar sun hau bango, domin kowannensu yana da wani launi a ɓoye da yake karkata zuwa gare shi. Wanda aka haɗa da sinadarin altramarin, wato irin na bular wanki, yana ɗan komawa ja, shi kuwa na sinadarin ftalo, da aka fara sayarwa a Ingila a 1935, yana komawa kore. Saboda haka abin da za a fara yi shi ne a ɗiga kowanne a kan farar takarda a fita da ita rana, a gane inda ya karkata.

Daga nan sai a sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, ko a Ƙofar Ruwa cikin Kano ko a shagon da ke kusa, a gwada a jikin bangon da za a shafa, muddin filastarsa ta yi mako 4 da bushewa, tun da ɗanyen siminti yana cin launi. Ana shafa wa kowanne fili kamar mita 1, shafi biyu, a bar tazara a tsakaninsu don kada ɗaya ya ruɗi ido game da ɗayan. Ba a yanke hukunci sai washegari, saboda fentin ruwa yakan ƙara duhu idan ya bushe.

Dubawa ita ce babban aikin, kuma a nan ne gaggawa ke jawo asara. Ya kamata a duba da hantsi, da tsakar rana lokacin da haske ke wanke launi, da la'asar sakaliya da rana ke yin ja, sannan da dare a ƙarƙashin ƙwan da gidan ke amfani da shi, domin farin ƙwan sola yana ƙara wa shuɗi sanyi, mai ruwan ɗorawa kuma yana dusashe shi. Idan ɗaki ne, a jingina labule ko gefen kafet a jikin gwajin.

Ƙasar yankin da gidan yake ma tana da ta cewa. Misali a jihar Kano, a Bebeji da Kiru ƙurar hunturu tana kwanciya a bango daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ta fi bayyana a shuɗi mai duhu, wanda kuma ya fi riƙe zafi a watan Afrilu. A Tudun Wada da Doguwa kuwa, musamman wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai inda damina ta fi ta birnin Kano ƙarfi, jar laka ce ke fantsama a gindin bango, bangon gabas kuma shi ke shan dukan hadari. Ana iya watsa ɗan ruwan ƙasar tsakar gidan a ƙasan kowane gwaji, a bari ya bushe, a goge da tsumma, a ga wanda tabon ya fi kamawa. Idan har yanzu an kasa rabewa, mai hasken ya fi dacewa da saman bango, mai duhun kuma a nemi irinsa a fentin mai, wanda ke wankuwa, a yi wa gindin bango ɗamara da shi.

Bayan an tsai da shawara, a sayi dukkan bokitan lokaci guda, a tabbata lambar haɗin da ke jikinsu ɗaya ce, sannan mai fenti ya juye su a babban mazubi ya gauraya kafin ya ɗauki rola, ya kuma riƙa auna ruwan da yake ƙarawa da gwangwani guda, domin sirki barkatai shi ke sa bango ɗaya ya fito da shuɗi iri biyu.