Ciwon Hawa da Sauka: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

An rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Kura da Bunkure, su kuma su sanar da dagatai da masu unguwanni.

Akwai wani ciwon hankali wanda likitoci ke kira baifola, watau ciwon hawa da sauka. Mai shi yakan yi makonni cikin zumuɗi, ba barci, sai yawan magana da ɓarnar dukiya. Bayan nan ya faɗa baƙin ciki, har fita gona ta gagare shi. Tsakanin waɗannan kuwa lafiyarsa lau.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda ji da gani ke ƙara kaifi sa'ad da ciwon zai tashi. Ƙarar injin ban ruwa a Kadawa, ko ta injin casar shinkafa a Kura, wadda kowa ya saba da ita, sai ta zame masa azaba. Hasken rana ya yi masa yawa, lasifikar biki ta harzuƙa shi. Amma a rarrabe. Akwai waɗanda tun suna yara ba su jure hayaniya, wannan halitta ce, ba ciwo ba, magani kuma ba ya kawar da ita. Abin dubawa shi ne canji. In mutumin da aka san yana da ciwon nan ya soma kukan ƙarar da jiya bai damu da ita ba, barcinsa kuma ya ragu, to, a sa shi ɗaki mai duhu inda ba surutu, a hanzarta kai shi ga likita.

Babban maganin da ke daidaita hali shi ne litiyam, wanda wani likitan Ostiraliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa cikin 1949. Yana hana ciwon komowa, amma yana da sharaɗi, sharaɗin nan kuwa ya shafi ƙasar Kadawa ƙwarai. Ƙoda ce ke fitar da litiyam daga jiki. In manomi ya yini cikin rana yana ban ruwan tumatir, gumi na zuba, bai sha ruwa isasshe ba, sai maganin ya taru cikin jini ya zama guba. Gudawa ma haka take yi, haka kuma maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma ke saye a kemis in sun gaji. Alamun gubar su ne rawar hannu mai tsanani, da amai, da tangaɗi, da nauyin harshe. Wanda ya nuna su, a dakatar da maganin, a kai shi asibiti a ran nan. Ban da wannan, kada ya bar sha don ya ga ya sami sauƙi, gama barin sa farat ɗaya yakan ta da ciwon. Lalle a riƙa auna jininsa kowane wata 3 zuwa 6. Kafin azumi kuma ya nemi shawarar likita, balle in ya faɗo cikin bazara.

Akwai wani maganin kuma, falfurowet, wanda ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Matar da ke shekarun haihuwa, a gaya wa likita kafin a ba ta.

Game da mari da turu, zamaninsu ya wuce. Cikin Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Hankali, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu irin wannan larura. Ana duba su a Asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In za a aika da mutum, malamin Hakimi ya taimaki dangi ya rubuta musu ranar da barci ya soma raguwa, da abin da ke harzuƙa shi, da sunan kowane magani da yake sha, har na gargajiya. Takardar nan a hannun likita kaɗai za a danƙa ta, ba ta karantawa ba ce a zaure.