Kafin ka sa wa takardar lissafinka makro

Ɗana, na ga abin da ya ɗaga maka hankali: ka haɗa jimilla a Excel, maimakon kuɗi sai ga ##### sun jeru a gurbin. Kwantar da hankalinka, ko kwabo bai ɓata ba. Gurbin ne ya yi wa adadin kaɗan. Rubutu idan ya yi tsawo yakan malala zuwa gurbin kusa ko a datse shi, amma adadi Excel ba ya datse shi, don guntun adadin da aka nuna wa mai biyan albashi ya fi rashin nunawa haɗari. Faɗin da layin tsaye ke zuwa da shi na lambobi 8 ne da ɗan ɗoriya, ga shi 12,500,000.00 ta cinye 13. Galibi ma jimillar ƙasa ce ke yin haka, domin tana girma ne a hankali kana ta shigar da sunaye.

Maganin kusa shi ne ka kai linzami kan iyakar da ke tsakanin haruffan sama, a ce C da D, ka danna sau biyu. Shi ke nan.

Ka ce kana son makro ya riƙa yi da kansa. Ba laifi. Danna Alt da F11, ka buɗe shafin da kake aiki a kai, a ƙarƙashin Worksheet_Change ka rubuta Columns.AutoFit. Duk abin da ka shigar, layukan za su buɗe daidai da shi. Sai dai ka san kuɗin wannan sauƙi. Dole ka adana fayil ɗin a matsayin xlsm, in ba haka ba makro ya tafi. Duk sanda ya taɓa shafin, Ctrl da Z ba za su ƙara maido maka da abin da ka goge ba, kuma ga mai shigar da sunaye ɗari-ɗari wannan ba ƙaramar asara ba ce. Layin ƙarin bayani zai kumbura har takardar ta ƙi shiga A4. Sannan tun 2022 Microsoft ke toshe makro a fayil ɗin da ya zo ta intanet, Excel na waya kuwa ba ya tafiyar da shi sam. Abokin aikinka na Bukkuyum da zai buɗe a wayarsa, shi da makro sai labari.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Akwai ##### da ko ka buɗe layin har ƙarshen allo ba za su gushe ba: ka ɗebe babban kwanan wata daga ƙarami, sakamakon ya faɗi ƙasa da sifili a gurbin da ke tsarin kwanan wata. Nan kuskure ne a lissafin, gyara yake so.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta nuna alama. Ka tuna jerin sunayen da ake tattarawa in masifa ta auku, kamar ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024, ko rajistar yaran da gubar dalma ta kama a Bagega da Dareta da 'Yargalma daga 2010. Irin wannan jeri cike yake da lambobin waya, yanzu har da na asusun banki masu lamba 10. Excel yana ɗaukarsu adadi, ya jefar da sifilin farko, 0803 ta koma 803, gurbin ya yi tsaf, tallafin wata bazawara ya maƙale. In lambar ta kai 12 sai ya mayar da ita 1.23E+11, in ta wuce 15, sauran su zama sifili, ba kuma za su dawo ba.

Saboda haka tun kafin ka shigar da sunan farko, mayar da layin waya da na asusu da na BVN zuwa tsarin rubutu, ko ka riƙa fara su da alamar '. Layin kuɗi ka ba shi faɗin da zai ɗauki jimillar ƙarshen shekara. In ka yi haka kuma har yanzu kana son makron, ka ɗora shi a kan maɓalli, ka danna sau ɗaya kafin ka buga takarda.